Masassarar da Tsinke Bai Gani Ba

Da sunan Allah nake farawa. Hassana da Usaina, ku biyu nake rubuta wa, don ku karanta ran da hankalinku ya kai. Har yau in Usaina ta ɓata rai sai a ce Mai-hushi ta tashi, a yi dariya, wani ya ɗauko labarin shekarar da wai ta yi fushi har ta kusa barin duniya don an ba 'yar'uwarta magani ita ba a ba ta ba. Kun ji shi tun kafin ku iya magana sosai, na kuma lura Hassana kan sunkuyar da kai in ana ba da shi, kamar wadda ta ci rabon wani. Ba haka aka yi ba. Ni ce nake wurin tun farko har ƙarshe, ga yadda aka yi.

Kun san gidanmu da dokar tagwaye. Hajiya, kakarku ta wajen uba, ita ke riƙe da ita, kuma ba ta wasa. Abin da aka yi wa ɗaya sai an yi wa ɗaya. Riga iri ɗaya, takalmi iri ɗaya, in ƙwai ɗaya ne a gidan sai a raba shi da zare don kada wuƙa ta yi son kai. Har tsawa, in na yi wa Hassana, sai Hajiya ta ce in ɗan yi wa Usaina ko da ba ta yi komi ba. Ta ce tagwaye ba kamar sauran ɗiya suke ba, in ɗaya ta ga an fifita ɗaya takan juya baya ta koma inda ta fito. Ni kuwa da ma mai tsoro ce. Tun ina amarya ake ce mini Uwar-fargaba, don ko tari yaro ya yi sai na taɓa goshinsa sau goma. Saboda haka na bi dokar fiye da mai dokar.

Sau ɗaya na karya ta. Kuna da shekara uku, ƙarshen damina, gero ya fara sunkuyar da kai. Innata ta zo daga Kalmalo ran kasuwa, da za ta koma sai Usaina ta riƙe mata zane ta ƙi saki. Hassana na barci, ga kuma maruru a ƙafarta da bai fashe ba. Hajiya ta tafi suna unguwa, babanku yana can Tawa, ƙetaren iyaka, da lodin wake. Inna ta ce in bar mata ke, Usaina, kwana uku. Na bari. Kika yi kwana huɗu a bakin tafki, kika dawo da ƙullin soyayyen kifi da cizon sauro a damtse. Hajiya ta bi ni da kallo kawai, irin kallon da ake ajiye magana da shi.

Bayan kamar kwana goma sha biyu, ranar Talata da la'asar, jikinku ya yi zafi ku biyun, kusan lokaci ɗaya. Da safe na goya ɗaya na riƙe ɗaya zuwa ƙaramin asibitin unguwa. Ma'aikacin wurin mutumin kirki ne, ya san ni saboda yawan zuwana. Ya huda yatsunku, ya ɗiga jinin a kan tsinken awon masassara, wannan ɗan farin abu mai taga, muka zauna jira. Na Hassana ya fito da layi biyu. Na Usaina layi ɗaya.

“Hassana na da masassarar sauro,” in ji shi. “Ga ƙwaya shidda, ɗaya da sahe ɗaya da dare, kwana uku. Ko ta warke ta tashi tana rawa, ki tabbata ta shanye su duka. Usaina ba ta da ita. Ki ba ta maganin zahin jiki da ruwa da yawa. In bai sauka ba ki komo.”

“Malam, tare hwa sunka kwanta,” na ce.

“Tare sunka kwanta, amma tsinke bai gani ba. Ban iya ba ta maganin abin da ba ta da shi.”

Na dawo gida da magani a hannu ɗaya, ɗaya hannun wayam. Hajiya na tsintar shinkafa a ƙarƙashin darbejiya. Ta dubi kwalin, ta dube ni.

“Na wa?”

“Na Hassana ne, Hajiya.”

“Ita guda ɗiyar bishiya ce? Kinka raba su kwana huɗu ban yi magana ba, yanzu kuma magani? To ki jira ki gani.”

Ban jira da yawa ba. Zuwa Alhamis Hassana ta zauna tana neman fura, Usaina kuwa ko ruwa ta sha sai ya dawo. Abin da ya hana ni sukuni shi ne na ga ciwon nan iri ɗaya ne da idona. Lokacin da zafin ke hawa ɗaya ne, bayan la'asar. Rawar ɗarin ɗaya ce, yadda kuke dunƙule hannu ku cusa tsakanin cinyoyi. Gumin da ke biyo baya ma ɗaya ne, har ƙanshinsa a wuyan riga. Na koma wurin ma'aikacin, Usaina, ke kaɗai na goya. Ya fasa sabon tsinke a gabana don in yarda, ya sake fitowa da layi ɗaya. Ya daɗe yana duban ki, ya ce in ba ki sauya ba zuwa gobe in wuce babban asibiti.

A gida Hajiya ta shiga ban haƙuri. Kada ku ɗauka mugunta ce, ta fi kowa son ku. Ta sa an sayo miki awarwaro, ta dafa ƙwai, ta zauna a bakin tabarma tana shafa miki ƙafa tana cewa, “Yi haƙuri, 'yar sarauta, an yi miki laihi. Uwarki yarinya ce, ba ta san komi ba.” Da ta ga awarwaro bai yi ba, sai ta juyo kaina.

“Ƙwaya nawa ta rage?”

“Uku.”

“Kawo. Guda da rabi, guda da rabi. Hushin magani sai magani.”

Ƙwayoyin suna ƙulle a bakin ɗankwalina. Na ji hannuna ya tashi da kansa zai kunce, don ban taɓa ce wa Hajiya a'a ba. Amma na tuna yadda mutumin ya nanata a shanye duka, na kuma tuna ɗan maƙwabciyarmu da aka tsayar wa magani a rana ta biyu, masassarar ta dawo masa da ƙarfinta. Na ga in na raba, zan iya tashi da marasa lafiya biyu. Kuma ke Usaina, mi za ki riƙe a ciki, tunda ruwa ma bai zama?

“Hajiya, ki gahwarce ni. An ce kada a rage ko guda.”

“Wa ya ce? Wanga yaron da na ga ranar sunanai? Mu mun sha masassara tun kahin a haihi ubanai, ga mu zaune.”

Ban kunce ba. Ta kakkaɓe zanenta ta shiga ɗaki.

Safiyar Juma'a na ga abu biyu da suka yanke mini shawara. Fitsarinki ya fito kamar baƙin shayi. Da na buɗe tafin hannunki na haɗa da na Hassana, nata ja-ja, naki fari kamar an wanke shi da toka. Kuka ma kin daina, sai ido a buɗe ba ya bin kowa. Na kira babanku sau bakwai, layin can ƙetare bai shiga ba. Na ba Hassana ƙwayarta ta safe, na ɗauki goyo, na tsaya ƙofar ɗakin Hajiya na ce za ni babban asibiti.

“Da izinin wa? Mai gidan bai nan. Malam na rubutu, bayan masallaci za a kawo.”

“Ba ta kai bayan masallaci, Hajiya.”

“Ke Allah ce? Kuma ki sake raba su, a kan rabon da ya kawo wanga abu? In kinka hita, kada ki komo ɗakin nan sai mai ɗakin ya zo.”

Na kunce bakin ɗankwali, ƙwaya ɗaya ce ta rage a cikin takardarta. Na durƙusa na ajiye ta a kan tabarmarta.

“Ta Hassana ce, bayan magariba. Na bar miki su, ita da maganin.”

Na fita ban waiwaya ba, don na san in na waiwaya zan zauna. Na tare ɗan kabu-kabu a bakin titi, muka kutsa tsakanin motocin albasa da masu canjin sefa, kuɗin ƙetare, da ke kaɗa shi a iska. Ina jin zafin jikinki a bayana kamar na goya tukunya, ina ta addu'a kada in ji ya huce farat ɗaya.

A babban asibiti ma da tsinke aka fara, ya kuma ba da layi ɗaya. Nan na fashe. Na ce wa nas ɗin da ke wurin ni ban yi karatu mai nisa ba, amma tagwaye ne, na ga ciwon a jikin ɗaya, wannan shi ne sak. Na zayyana mata lokacin zafin, da rawar ɗarin, da fitsarin. Ba ta yi mini dariya ba. Ta ja fatar idonki ƙasa ta duba, ta kira likita da ƙarfi. Aka ɗauki jininki a ɗan gilashi aka ruga da shi ɗakin awo. Kafin in gama share hawaye amsa ta dawo: masassarar sauro ce, ta cika jinin, ta kuma cinye shi. Aka sa miki allura ta jijiya nan take. Aka ce sai an ƙara miki jini, aka auna jinina ya dace, aka ɗiba.

Da yamma, kina kwance jinin na sauka a hankali, mai awon ta zo da kanta neman uwar yarinyar. Doguwar mace ce, Bafillatana daga wajen Tozai, kowa na ce mata Malama. Ta ce in zo in ga wani abu. Ta zaunar da ni gaban madubin da suke duba jini, ta ce in rufe ido ɗaya in leƙa. Da farko haske kawai na gani. Can sai ga wasu 'yan ƙwallaye birjik, a cikin da yawansu akwai wani abu kamar ƙaramin zobe mai ɗan dutse.

“Su ke nan,” in ji ta. “Kin ga yawansu? Amma dubi.” Ta nuna mini tsinken da ta sake gwadawa da jinin nan dai. Layi ɗaya.

“To tsinken ƙarya yake yi?”

“A'a. Mahi yawan lokaci gaskiya yake hwaɗi, shi ya ceci 'yar'uwarta. Wani sa'in kuma zahin ajiya ke lalata shi, ko ƙwayoyin su yi kaɗan. Amma wanga lahiya lau yake, na gwada shi da jinin wani ya nuna.” Ta dube ni. “Ke 'yar ina ce?”

“Kalmalo.”

“Innarki na da tsage a huska?”

“Tana da shi, har kunne.”

“Ke hwa?”

Na shafa kumatuna. Ni ba a yi mini ba, babana ya hana.

“To da za a aiki baƙo kasuwa a ce ya nemo dangin innarki, alamarsu tsage, zai wuce ki ko ba zai wuce ki ba? Ƙwayoyin ga haka suke. Sunansu ɗaya, amma gida-gida ne, kowane gida da abin da ya gada. Tsinken ga alama ɗaya aka koya mai. Akwai gidan da aka haiha babu alamar, sai su wuce shi shina kallo. Ina zaton irinsu ne a jikin ɗiyarki. Ban rantsewa, sai an duba a inda suka hi mu kayan aiki.”

Na tambaye ta ko a Kalmalo kika ɗauko su. Ta ce mai yiwuwa ne, amma ko a ɗaki ɗaya sauro biyu na iya ɗauke da gida biyu, har yaro ɗaya ma a kan same shi da gida uku a lokaci guda. Na gaya mata maganar Hajiya, cewa sun sha masassara ga su zaune. Ta yi dariya ta ce tsohuwa ta yi gaskiya, jikinta ya gamu da gidaje da yawa ya san su, shi ya sa take yi mata sauƙi. Jikin ɗan shekara uku kuwa kusan kowane gida baƙo ne gare shi. Wani gidan ya fi wani zafin hali, wani ya fi wani jin magani. Na ce to da na raba ƙwayoyin fa? Ta ce da Hassana ba ta warke sarai ba, ke kuma da kin amayar, kuma rabin magani shi ke barin masu taurin kai a raye su hayayyafa.

Na juya abin a raina. Shekara uku ina auna muku komi daidai, ashe abin da ya shiga jininku bai san da dokar ba. Na kuma ga wani abu da ban so gani ba a lokacin: Hajiya ta riga tsinke gane cewa magani ɗaya kuke bukata. Dalilinta ne da hanyarta ba su yi ba.

Malama ta fito da wata 'yar takarda mai kauri. Ta ce in na yarda za ta ɗiga jininki a kai ta aika wa masu bincike a birni, don in irin waɗannan sun fara yawa a yankinmu a sani, a kawo tsinken da ke neman wata alamar dabam. Ta ce ba dole, kuma ko na ƙi ba abin da zai ragu a kulawar da ake yi miki. Na yi tunanin babanku da ba a tambaya ba. Na ce a raina wanda ya riga ya jiƙe ba ya gudun yayyafi. Na dangwala yatsa. Ban san inda ɗigon nan ya ƙare ba, amma nakan tuna shi in na ga mace ta fito daga awo da yaro mai zafi a kafaɗa.

Abin bai tafi a banza ba, kada in ɓoye muku. Babanku ya iso ran Asabar da ƙurar hanya a gira. Ya daɗe tsaye a kanki, sannan ya ja ni waje.

“Da ta cika a kan mashin hwa? Mi za ki ce mini? Mi za ni ce ma Hajiya?”

“Da na zauna hwa?”

Bai ƙara tayar da maganar ba, amma bai taɓa cewa na yi daidai a gaban mahaifiyarsa ba, na kuma daina jira. Hajiya ta yi wata biyu ba ta amsa gaisuwata da baki, sai da kai. A wajenta har gobe fushi ne, kuma awarwaro da rubutun Malam ne suka sauko da ke, allura ta taimaka kawai. Labarinta ne ya zauna a gidan don ta fi ni baki. Na bar mata. Abin da na samu ya ishe ni: tun daga shekarar, in yaro ya yi zafi a gidanmu tsinke ya ce babu, jikin kuma bai sauka ba, ba mai hana a kai shi a duba jinin a madubi. Matan unguwa ma sukan leƙo su ce, “Uwar-fargaba, zo ki duba mini hannun wanga.” Ina dubawa, in ce su tafi asibiti, don ni ba likita ba ce.

Amma a ranar Asabar ɗin ban san ko ɗaya daga wannan ba. Abin da na sani kawai ba ki buɗe baki ba tukuna. An yi miki allura ta uku, zafin ya sauka, fitsarin ya fara washewa, likita ya ce akwai alamar nasara, ni dai ina zaune ina ƙirga numfashinki. Lahadi kika motsa kika sha ruwa cokali huɗu, suka zauna. Aka fara ba ki irin ƙwayoyin Hassana, naki kwalin cikakke.

Litinin da hantsi ina fifita ki da murfin kwano sai na ji ana tambaya a bakin ƙofa, “Ina ɗakin yara?” Hajiya ce, da lulluɓinta na zuwa biki, tana riƙe da hannun Hassana. Matar da ta ce ƙafarta ba ta taka asibiti sai dai a kai ta. Na durƙusa na gaishe ta. Ba ta dube ni ba. Ta kunce bakin gyalenta ta jefa wani abu a kan gado. Takardar maganin nan ce, ramukanta shidda duk wayam.

“Ta shanye,” ta ce wa bango. “Bayan magariba, kamar yadda anka ce.”

Ta zauna a bakin gadon ta kama tafin hannunki ta buɗe, ta daɗe tana dubawa. Ya fara yin ja. Sannan ta fito da gwaiba biyu daga jaka, girmansu ɗaya, ta ba kowa ɗaya. Usaina, kika yunƙura kika zauna da kanki, karo na farko cikin kwana shidda. Kika dubi taki, kika dubi ta Hassana, kika miƙa hannun nan mai allura kika fizge tata. Hassana ta ƙwalla ihu ta kama miki gashi. Kika cije gwaibar kika ƙi saki, kina kuka da ƙarfi har nas ta leƙo.

“Ke, ba ki tsawata musu?” in ji Hajiya. Maganar farko ke nan da ta yi mini.

Na ce to. Amma ban tashi ba. Na zauna a ƙasa da murfin kwano a hannu, ina sauraren ƙarfin muryar nan.